Katin Yaya

Aikin layin ɗinki a masana'antar buhuna ba shi da wani sirri. Buhu yana zuwa daga wajen masu yanka da baki biyu a buɗe, kai kuma ka naɗe gindinsa, ka tura shi ƙarƙashin allura, ka taka keke, ka jefa a kwando. Wanda ya fi kowa iya wannan shi ne Guguwa, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. In ya zauna ya fara taka keke, na kusa da shi har tsokanarsa suke yi, wai a riƙe huluna kada iska ta kwashe.

Keken da ke damansa na wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a layin Yaya yake ce masa, har da waɗanda suka girme shi, domin shi ya koya wa rabinsu aikin, kuma ba ya barin kowa ya manta. Shi ya riƙe Guguwa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi masana'antar tun gemu bai fito masa ba, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Duk wannan gaskiya ne, Guguwa bai taɓa musantawa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne yadda Yaya ke maimaita shi safe da yamma, a gaban baƙo da ɗan gida, har alherin ya fara yi masa nauyi a wuya.

To, idon Yaya ya fara dushewa. Zare zai tsinke, ya ɗauki lokacin da wani zai ɗinka buhu goma yana neman ramin allura, yana zagin kamfanin da ya ƙera ta. Kowa ya gani, ba mai faɗa. Ranar da Guguwa ya yi ƙarfin halin ce masa ya je a auna masa tabarau, kallon da ya samu ya ishe shi.

"Ni na koya maka zura zare," in ji Yaya. "Yau kai za ka nuna mini ramin allura? Ka kiyaye ni, yaro."

Abin da ya rufa wa Yaya asiri shi ne ciko. Tsohuwar al'adar layin ce, ba wanda ya san wanda ya fara ta. Akwai wani dattijo mai ƙirga kwanduna idan an kusa tashi, ana ce masa Ƙirgau. Kafin ya fara, sai ya tafi wanke hannu, kuma hannun nan nasa ba ya wankuwa da wuri. A wannan ɗan tsakanin, duk wanda kwandonsa ya haura abin da aka yanka wa kowa sai ya ɗebi damƙi guda, ya miƙe kamar zai zaga bayi, ya sake shi a kwandon wanda ya gaza. Ba a kallon juna, ba a godiya. Mai karɓa ma juya kai yake yi, ya shiga goge kekensa. Wanda zazzaɓi ya kayar ya ci ciko, wadda ta kwana a asibiti da yaro ta ci. Sai dai a 'yan shekarun nan kusan duk cikon kwando ɗaya yake nufa. Ƙirgau zai dawo yana yarfe hannu, ya ƙirga na Yaya, ya same shi cike taf. Yaya kuma ya dubi layin ya ce, "Kun gani ko? Tsohon hannu ke nan." Mutane su sunkuyar da kai, wasu don kunya, wasu don kada dariya ta kuɓuce.

Ana nan sai mai masana'antar ya tsufa ya koma gida, 'yarsa ta karɓi ragama. Lissafin kuɗi ta karanta, saboda haka Akanta ake ce mata, kuma ba da ƙauna ake faɗa ba. Ta tarar da wuri yana tangal-tangal. Albashi sai wata ya raba ake ganinsa, wani lokacin ma rabi. Ba ta yi dogon surutu ba. Wata safiya ma'aikata suka zo suka tarar an ɗaura wa kowane keke wani ɗan akwati kamar sabulun wanka, da jan ido ƙarami yana kallon bakin allura. An kafa wasu irinsa a injin yanka, da injin wuta, da wajen awon zare. A bangon gaba kuma an rataye wani ƙaton allo irin na talabijin. Aka raba wa kowa kati mai sunansa. Ka zauna a keke, ka manna katinka a jikin akwatin, duk buhun da ya wuce a gaban idon nan an rubuta maka shi nan take.

Ta tara su a tsakiyar layin, ta tsaya a kan wani akwatin katako don a gan ta.

"Ba na zargin kowa da sata," in ji ta. "Amma abin da ake rubuto mini daban, abin da ke fita ƙofa daban. Ina sayen zare, ban san inda yake shiga ba. Injin yanka yana tsayawa, in na tambaya sau nawa, kowa ya ce kaɗan ne. Ina biyan mutane su ƙirga, in biya wasu su kwafe abin da aka ƙirga, kafin ya iso teburina ya kwana uku ya yi tsami. Da wannan na'urar zan ga komai a lokacin da yake faruwa. Abin da muka tsira da shi, a aljihunku za ku fara jin sa."

Ba wanda ya tafa. Yaya ne ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, lokacin da mahaifinki ya buɗe wurin nan da kekuna uku, ni ne a kan na farko. Ke kina goye a lokacin. Bai taɓa sa mana ido a ƙarƙashin keke ba, ido yake haɗawa da mu. Yanzu an wayi gari an kawo mana magulmaciya."

Aka fashe da dariya, sunan kuwa ya zauna. Akanta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, mahaifina yana haɗa ido da ku, albashinku kuma yana makara. Ni ka bar ni da magulmaciyata." Ta sauka daga akwatin ta hau sama abinta.

Ƙirgau aka fara sallama, shi da mata biyu masu kwafe lissafi. Aka ba shi haƙƙinsa da agogon bango, ya tafi yana sa wa kowa albarka ban da mutum ɗaya. Layin ya yi kwana da kwanaki ba mai gaida Akanta sai da ciki-ciki. Wani ya liƙa wa idon kekensa cingam, kafin ya gama dariya an sauko daga sama an kira lambar kekensa.

Abin haushin shi ne, magulmaciyar ba ƙarya take yi ba. Ita ta tona cewa wuƙar injin yanka ta karkace, kowane buhu tana cin ɗan yatsa guda na leda a banza, shekara da shekaru. Ita ta nuna ana barin babban injin wuta yana ci lokacin hutun rana alhali ba keken da ke motsi. Ita ta kama mai kawo zare yana rage nauyin kowane ƙunshi, mutumin da ke zuwa da fara'a yana raba wa masu gadi alewa. Kafin a je ko'ina albashi ya fara shigowa ranar da ya kamata, cif. Aka gyara fankokin rufi da suka mutu tun zamanin mahaifinta. Mutane suka ci gaba da zaginta, amma yanzu a inuwar fanka suke yi.

Matar Guguwa, wadda ake kira Maman 'yan biyu, ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Ni dai Allah ya ƙara wa magulmaciyar nan lafiya," ta ce, ranar da ya miƙa mata kuɗin cefane wata bai ko mutu ba. "Tunda na shigo gidan nan ban taɓa ganin mai gidan hayar ya gaishe mu da haƙora a waje ba sai bana."

Guguwa kuwa ya san abin da ita ba ta sani ba tukuna. Ciko ya mutu. A bakin allura ake ƙirga yanzu, ko ka juye wa mutum kwando goma ba abin da zai ƙaru a sunansa. Allon bango kuwa ba shi da kunya. Sunaye yake jerawa daga sama zuwa ƙasa, na sama kore, na tsakiya fari, na ƙasa ja. Guguwa yana can ƙololuwa. Yaya yana can gindi, ja wur, ƙasa da wata yarinya da ko wata uku ba ta yi da fara aiki ba.

Kwanakin farko Yaya ya ce na'urar kekensa ce ta lalace. Aka canza masa, ba abin da ya sauya. Ya ce hasken wajensa ne, aka ƙara masa fitila. Daga nan sai ya yi shiru, kuma shirun Yaya ya fi faɗansa muni. Samarin da ya koya wa aiki suka fara satar kallon allo suna taɓa juna da gwiwar hannu. Wani mara kunya a cikinsu ya wuce ta bayansa yana cewa, "Tsohon hannu ke nan," a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba. Guguwa ya ga wuyan wansa ya ƙage. Duk haushin Yaya da yake ji, wannan ya soke shi har cikin ƙashi.

Washegari bayan hutun rana, Yaya ya zo wucewa ya ajiye katinsa a kan teburin Guguwa, ya ɗauki na Guguwa, ya koma kekensa. Bai dube shi ba. Ba roƙo ya yi ba, yadda mutum ke ɗaukar butarsa haka ya ɗauka. Guguwa ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya manna shi a akwatin kekensa ya taka.

Haka sabon ciko ya samu, sai dai wannan mutum ɗaya ke ɗaukarsa. Da, layi guda ne ke tara wa Yaya, kowa damƙi ɗaya, ba mai jin nauyi. Yanzu kowa ya kama kansa, kowa yana tsoron ja. Na'urar kati ta sani, ba ta san fuska ba. Da safe Guguwa ya ɗinka wa kansa, da yamma ya ɗinka wa Yaya, shi kuma Yaya yana can yana lallaɓa buhu ɗaya-ɗaya da sunan ƙaninsa. Su biyun suka haɗu a tsakiyar allo, farare. Da an tsaya a nan, da wataƙila har yau ana nan.

Amma sai Akanta ta cika alkawarinta. Ta sanar cewa daga abin da aka tsira da shi, duk wanda ya ƙare wata a kore yana da tukuici a kan albashinsa. Yaya ya ji wannan da kunnuwansa biyu. Katin da ke zuwa bayan hutun rana ya fara zuwa tun hantsi. Daga baya ya zama tun a bakin ƙofa ake musayar, kafin a zauna. Guguwa ya buɗe baki sau ɗaya.

"Yaya, in na ba ka yinin gaba ɗaya, ni fa ja zan koma."

"To sai me? Kai yaro ne, wa zai yi maka dariya? Ni da furfurata kake so yaran da na koya wa riƙe almakashi su riƙa nuna ni da baki? Lokacin da nake cire abinci daga bakina ina sa maka, lissafin yini na yi maka?"

Guguwa ya karɓi katin. Ya gaya wa kansa cewa ja launi ne kawai. Shekara nawa yana wannan layi? Wa bai san hannunsa ba, daga mai gadi har mai shara? Ko makaho ya shigo ya ji ƙarar kekensa ya san ba malalaci ne a kai ba. Da wannan tunanin ya riƙa kwana yana tashi.

Ƙarshen wata Yaya ya karɓi tukuici. Gida ɗaya suke haya, Yaya a ɗakunan gaba, Guguwa a na baya kusa da famfo, saboda haka ba abin da ke ɓoyuwa. Matar Yaya ta sayo fanka mai tsayuwa, ta kafa ta a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gani, tana ba maƙwabta labarin yadda maigidanta ya kayar da samari a wurin aiki. A nan ne Maman 'yan biyu ta haɗa biyu da biyu, don ta san idon Yaya, ita ke zura masa zare in maɓallin rigarsa ya cire. Ta ja mijinta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Baban 'yan biyu, dube ni. Fankar can gumin wa take hurawa?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Kana dawowa kafaɗa ba ta ɗaguwa, ni ke gasa maka da ruwan zafi, wata kuma tana can tana shan iska tana yi mini fari da ido. Yaran nan takalmansu sun buɗe baki kamar za su yi magana. Riƙon da ya yi maka, sai yaushe za ka gama biya? Sai ka mutu?"

"Wana ne. Kuma ba abin da zai faru. Kowa ya san aikina a wurin nan."

"Wa ya sani? Wanda ya san aikinka yana gida an ba shi agogon bango. Ita ta sama allo take kallo, ba fuskarka ba."

Ya fita ya bar mata ɗakin. A tsakar gida ya tarar da Yaya a gaban fanka, ya miƙe ƙafafu. Ko gezau bai yi ba, sai cewa ya yi, "Ka riƙa tsawata wa iyalinka, muryarta har titi." A wannan lokacin Guguwa ya ji ya tsani wansa, tsana ta gaske, kuma ya ji kunyar jin hakan. Da gari ya waye ya karɓi katin kamar kullum.

Wata biyu suka ƙara wucewa a haka, Yaya kore, Guguwa ja. Yaya har ya fara ba da shawara a layin, yana zagayawa lokacin hutu yana gaya wa samari yadda ake naɗe gindin buhu. Waɗanda suka san abin da ake ciki suka riƙa kawar da kai. Abin da ya fi ba Guguwa tsoro shi ne, wani lokacin in ya dubi fuskar Yaya yana kallon sunansa a saman allo, sai ya ga kamar mutumin ya fara yarda.

Sai ga wata babbar mota ta sauke sabon inji a bakin masana'anta, an lulluɓe shi da leda. Kuɗin da magulmaciya ta tsirar ne suka saye shi. Shi kaɗai yana naɗewa ya ɗinke, ba ya zuwa bayi, ba ya zazzaɓi. Ba sai an gaya wa kowa ba, layin ɗinki zai ragu. Ranar da aka gama kafa shi, tun kafin hutun rana aka fara kiran mutane sama ɗaya bayan ɗaya, daga gindin allo. Guguwa aka fara kira.

Ofishin Akanta gilashi ne ta gefen da ke kallon layin, daga nan ana ganin kowane keke. Ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ta juyo masa da kwamfutarta, ya ga sunansa da wani jan layi da ya gangara kamar hanyar ruwa.

"Wata uku kana ƙasan kowa," in ji ta. "Ka'idar da na sa ita ce na ƙasa su tafi, kuma ba zan canza ta don mutum ɗaya ba. Amma ni ba makauniya ba ce. Watan farko kai ne a sama. Ina tsayawa a nan ina ganin hannunka, abin da nake gani da abin da ke nan ba su yi kama ba. In akwai abin da ya kamata in sani, yanzu ne lokacinsa."

Ya juya kai. Ta cikin gilashin yana hango ƙeyar Yaya, da furfurar da ta zagaye ta.

"Ba komai, ranki ya daɗe. Jiki ne ya yi sanyi."

"Jiki." Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Kana da yara?"

"Biyu."

"To ka ji. Ba zan kori mutum a kan zato ba, ba kuma zan riƙe mutum a kan zato ba. Abin da na'ura ta rubuta da shi zan yi aiki. Ka ƙarasa yinin yau, in an tashi ka biya wajen mai biyan kuɗi. A gefenku kujera ɗaya ce za a cire, ka san haka. Wani ne zai tashi daga kanta, ni ba ruwana da ko wane ne."

Ya sauko matakalar a hankali. Abin mamaki, zuciyarsa ba ta yi nauyin da ya zata ba. Ya riga ya yanke: zai tafi. Yana da ƙarfi, yana da hannu, wani wurin zai ɗauke shi ko da an sha wuya. Yaya kuwa in ya fita ƙofar nan ba mai ɗaukarsa ko gadi. Zai sha masifar Maman 'yan biyu, zai sha. Abu ɗaya kawai yake so, Yaya ya dube shi. Ba godiya ba, ya san ba a godiya a ciko. Kallo ɗaya dai, wanda zai nuna cewa mutumin ya san abin da aka yi masa.

An fita hutun rana, mutane sun taru a inuwar bango inda mai shayi ke ajiye teburinsa. Da ganinsa aka yi tsit. Wata dattijuwa mai share layi ta ce, "Lafiya dai, ɗana?"

"An sallame ni."

Salati ya tashi. Idanu suka juya kan Yaya, ba wanda ya iya hana nasa. Yaya yana zaune a kan benci da kofin shayi a hannu, ya ji idanun nan a jikinsa. Guguwa ya dube shi. Ya ga tsoro a fuskar wansa, tsoro tsirara, irin wanda bai taɓa gani a can ba. Sai Yaya ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin, ya ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji.

"Ai na sha gaya masa. Tun yana yaro haka yake, farkon abu da zafi, ƙarshe sakaci. Na yi faɗan har na gaji. Wurin aiki ba gidan uban kowa ba ne, in ba ka yi ba allo zai nuna. Ku samari ku ɗauki darasi." Ya juyo wajen Guguwa, amma idonsa a kan maɓallin rigarsa ya tsaya. "Bari in an kwana biyu zan hau in yi mata magana. Tana jin maganata yanzu."

Kowa ya kawar da kai. Mai shayi ya shiga goge teburin da ba abin da ya zube a kai. Guguwa ya tsaya yana kallon wansa. Shekarun da ya yi yana sunkuyar da kai, da ciwon kafaɗa, da takalman 'yan biyu, duk suka taru wuri guda. Bai yi zagi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin Yaya, ya ajiye shi a kan bencin kusa da kofin. Sannan ya miƙa tafin hannunsa ya bar shi a buɗe.

"Nawa," ya ce.

"Kai, wane irin..."

"Katina, Yaya."

A gaban mutane ne, ba yadda Yaya zai yi. Ya laluba aljihu ya miƙa masa.

Da aka koma aiki Guguwa ya manna katinsa a kekensa, ya jawo tarin buhu, ya taka. Ba a taɓa jin keke ya yi irin wannan kukan a layin ba. Bai ɗaga kai ba, bai sha ruwa ba, bai share gumin da ke shiga masa ido ba. Buhu na bin buhu, mai kawo masa daga wajen yanka har gudu yake yi. Ba ya bukatar kallon allo, yana jin sa a shirun da layin ya yi. Kekuna suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, mutane sun saki aiki suna kallon bango. Sunan da ke gindi a lissafin yinin ya bar ja ya shiga fari, yana ture na gabansa yana hawa. Wani sunan kuma, wanda ya yi wata uku a sama har aka saba, ya fara gangarowa.

A damansa zare ya tsinke. Ya ji keken Yaya ya tsaya, ya ji shi yana lalube, yana huci. Da can in haka ta faru yakan miƙa hannu ba tare da ya duba ba ya zura masa. Yau hannunsa bai bar buhu ba.

"Auta."

Sunan da mahaifiyarsu ke kiransa da shi ne, ba wanda ya ƙara faɗarsa tun da aka binne ta. Muryar ma ba ta Yaya ba ce, ta wani tsoho ce da bai sani ba.

"Auta, sassauta. Don Allah. Tana kallo."

Guguwa ya ɗaga ido. Akanta tana tsaye a jikin gilashi, hannuwa a harɗe, tana duban allo, tana duban kekunan nan biyu. Tausayi ya kama shi, hawaye suka cika masa ido har allurar ta rabu biyu. Ya so ya ɗaga ƙafarsa. Sai maganar bakin benci ta dawo masa, kalma bayan kalma, ya ƙara danna ta ƙasa.

Bai san lokacin da ta sauko ba, sai ƙarar takalminta ya ji a kan siminti. A nan ne ya cire ƙafarsa daga keken, ya ɗora hannu biyu a kan tebur, kamar hakan zai mayar da wani abu. Ta zo daidai kekensa ba ta tsaya ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce zuwa na dama, inda Yaya ke riƙe da bakin zare yana ta soka shi a gefen allura.

"Baba," in ji ta, "bar zaren nan. Zo mu hau sama."